An hana talabijin, an bar waya: ina daidaito a ƙa'idar tsarki?

Wani matashi, ma'aikaci a ɗaya daga cikin ikilisiyoyin da suka riƙe koyarwar tsarki da ƙarfi, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, tun ina yaro ake koya mana cewa mai bi na ƙwarai ba ya ajiye talabijin a gida, ba ya shiga silima. Har yau dokar tana nan cikin littafin ƙa'idojinmu. Amma yanzu daga fasto har mai sharar majami'a kowa da babbar waya a hannu, sujadarmu ma a Facebook ake nuna ta kai tsaye. Wannan ba munafunci ba ne? In talabijin zunubi ne, me ya wanke waya? In kuwa ba zunubi ba ne, don me aka hori iyayenmu a kansa?"

Ɗana, abin da ka gani gaskiya ne, kuma ba rashin kunya ba ne da ka faɗe shi. Akwai rashin daidaito. Sai dai ban so ka yi saurin kiransa munafunci, domin yawancin dattawan da ke riƙe da dokar ba yaudarar kowa suke yi ba. Sun gāji doka ne ba tare da an gādar musu da dalilinta ba, sai duniya ta sauya, dokar ta tsaya inda aka bar ta. Kafin ka yanke wa kowa hukunci, ya kamata ka san inda dokar ta samo asali.

Tushen ya koma kan John Wesley da ƙanensa Charles, masu wa'azin da suka fara tafiyar Methodist a Ingila. A 1743 suka rubuta wa ƙungiyoyin Methodist ƙa'idojin zama memba. A cikin abubuwan da aka ce a guje musu akwai nishaɗin da mutum ba zai iya yinsa cikin sunan Ubangiji Yesu ba, da waƙoƙi da littattafan da ba sa kai mutum ga sanin Allah ko ƙaunarsa. Ka lura da yadda aka tsara maganar. Ba a ce takarda haram ce ba, ba a ce injin buga littafi na Shaiɗan ne ba. Wesley da kansa ya buga littattafai masu araha barkatai ya raba wa talakawa. Abin da ya auna shi ne abin da ke cikin littafin da kuma inda yake kai zuciyar mai karatu.

Da koyarwar tsarki ta bunƙasa a Amurka bayan shekaru ɗari da wani abu, sai wannan ma'auni ya fara komawa jerin sunaye: gidan rawa, gidan wasan kwaikwayo, caca, giya, taba, daga baya silima. Jerin sunaye ya fi sauƙin koyarwa, ya kuma fi sauƙin dubawa. Dattijo ba zai iya leƙa zuciyarka ba, amma zai iya ganinka a layin sayen tikitin silima. To, sai ga talabijin. A 1950 bai kai gida ɗaya cikin goma ba a Amurka da ke da shi. Kafin 1960 ya shiga kusan gida tara cikin goma. Masu wa'azin tsarki suka ga silimar da suka shekara suna hana mutane zuwa, ga ta nan ta biyo su har falo. Da ikilisiyar Nazarene, ɗaya daga cikin ikilisiyoyin tsarki, ta ƙi haramta shi kai tsaye, wasu suka ɓalle. Wani mai wa'azi, Glenn Griffith, ya jagoranci kafa Bible Missionary Church a 1955, kuma talabijin na cikin manyan abubuwan da suka raba su. Ita ma United Pentecostal Church, wadda aka kafa a 1945, ta sa cikin bayanin bangaskiyarta a 1954 cewa ba ta yarda mutanenta su ajiye talabijin a gida ba. (Waɗannan sun sha bamban da yawancinmu a kan koyarwar Triniti, amma wannan zance ne na wata rana, tarihinsu da talabijin nake so ka gani.)

A Najeriya, tashar talabijin ta farko ita ce WNTV ta Ibadan, a 1959, Kaduna ta sami tata a 1962. Koyarwar ƙin talabijin ta fi shahara ne ta hannun ikilisiyoyi irin su Apostolic Faith da kuma Deeper Life, wadda Fasto William Kumuyi ya fara a matsayin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da mutum 15 a 1973, lokacin yana koyar da lissafi a Jami'ar Legas. A shekarun farko, "akwatin Shaiɗan" ake kiran talabijin a tsakanin membobi, kuma mutane da yawa sun fitar da nasu daga gida. Amma ka tuna, a daidai wannan zamani iyayenmu masu jin Hausa suna kasa kunne ga rediyon ELWA, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a Monrobiya ta Laberiya a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos. Rediyo ɗaya ne yake kawo wa'azi da safe, ya kawo kiɗan da fasto ba zai so ba da yamma. Ba a kira shi akwatin Shaiɗan ba, aka ce a murɗa shi inda ya dace. Ka ga ke nan rashin daidaiton ya girmi wayar salula.

Yanzu ga abin da ya faru da dokar a inda aka haife ta. A 2007, a babban taronsu na Tampa, fastocin United Pentecostal suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a riƙa tallata ikilisiya a talabijin. Wasu suka ga an ci amanar iyaye, suka fice suka kafa Worldwide Pentecostal Fellowship a Tulsa a 2008. A 2013 uwar ƙungiyar ta cire haramcin ajiye talabijin daga kan fastocinta, ta maye gurbinsa da gargaɗi a kan abin da ake kallo ta kowace irin na'ura. Ba wai sun gano talabijin ya tuba ba ne. Sun gano cewa fasto zai iya rantsewa da gaskiyarsa cewa ba shi da talabijin, alhali kwamfutar da ke ofishinsa tana nuna duk abin da talabijin ke nunawa har da ƙari. A nan gida ma, Deeper Life ta daɗe tana watsa wa'azi ta tauraron ɗan Adam zuwa rassanta, yanzu kuma manyan tarukan bisharar Fasto Kumuyi ana kallonsu a intanet a ƙasashe da yawa. A 2021 jaridu sun ruwaito shi yana cewa zai kawar da dokokin da aka kafa a ikilisiyar waɗanda ba su da tushe a Littafi Mai Tsarki. Ni dai na ga wannan magana ta dattako ce, don ba kowane shugaba ne zai iya furta ta a gaban jama'arsa ba.

Masu kare tsohuwar doka suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Ta farko, suna cewa talabijin na nishaɗi ne zalla, waya kuwa kayan aiki ce. Akwai gaskiya a ciki. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake rubuta ta. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san cewa mai sayar da tumatir ma sai da ya koyi karɓar kuɗi ta waya. Ba za ka ce wa mai bi ya jefar da waya ba sai in kana so ya daina ciniki, ya daina karatu. Amma wannan hujja tana nuna cewa waya dole ce kawai. Ba ta nuna cewa ta fi talabijin tsabta ba.

Ta biyu ita ce wadda na fi ji: wai a talabijin abin da aka ga dama ake zuba maka, a intanet kuwa kai ne kake zaɓa. A zamanin da mutum zai je shagon intanet ya biya kuɗin awa ɗaya ya rubuta abin da yake nema, wannan magana tana da ƙafafu. Yau ba haka abin yake ba. Ka buɗe TikTok ko gajerun bidiyon Facebook da YouTube, ba ka nemi komai ba, su ne ke miƙo maka. Akwai lissafin da ke aiki a bayan allon, yana auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ka maimaita, wanne ka wuce da sauri, sannan ya ƙaro maka irin wanda ya riƙe ka. Bai san abin da ka faɗa a ajin Lahadi ba, abin da idonka ya yi jinkiri a kai shi ya sani. Kamfanonin da talla suke cin abinci, kuma tsawon zamanka a kan allo shi ne hajarsu. Talabijin ɗin da iyayenmu suka ƙi kuwa, sai wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha, kafin tsakar dare an rera taken ƙasa an rufe. Yana falo, uba na zaune, uwa na zaune, in abin kunya ya fito kowa ya gani, wani ya tashi ya kashe. Waya tana ƙarƙashin bargo da ƙarfe biyun dare, da abin ji a kunne, ba mai gani. In don tsoron abin da ido zai gani aka kafa dokar, to an kori ƙaramin an shigo da babban. Yesu ya yi wa malaman Attaura irin wannan magana a Matiyu 23:24, masu tace ƙwaro daga abin sha su haɗiye raƙumi.

Akwai kuma abin da tsohuwar dokar ba ta taɓa tunaninsa ba. A gaban talabijin kai ɗan kallo ne kawai. Da waya a hannu kai ma tasha ne. Zunubin da ya fi ɓarna a cikin zumunta ta hanyar waya, a abin da na gani, sau da yawa ba na ido ba ne, na harshe ne da yatsa ya ɗauke wa aiki. 'Yar'uwa ba ta sa ɗan kunne, ba ta taɓa shiga silima ba, amma ita ce ta fara tura muryar da aka naɗa a ɓoye ta matar fasto zuwa zauren WhatsApp na zumuntar mata. Dattijo ba shi da talabijin, amma in an ce gari ya rikice, shi ne zai tura hoton gawarwaki da bai san ko daga wace ƙasa ko wace shekara aka ɗauko ba, ya rubuta "ku tura wa kowa". Duk wanda ya zauna a Jos ko Kaduna ya san abin da irin wannan saƙo zai iya jawowa cikin awa guda. Wannan shaidar zur ce, kuma tana cikin Dokoki Goma, ba cikin littafin ƙa'idojin wata ɗarika ba. Ga cacar ƙwallo da ta shiga aljihun samarinmu, har da 'yan ƙungiyar mawaƙa. Da can sai mutum ya je shago a gan shi, yanzu yana kan benci a majami'a zai iya buga ta. Duk waɗannan littafin ƙa'idojinku bai ambace su ba, domin sunan na'ura aka rubuta a ciki, ba sunan zunubi ba.

To me Littafi Mai Tsarki ya ce? Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Zabura 101:3, inda Dawuda ya ce ba zai sa mugun abu a gaban idonsa ba. Aya ce mai kyau, kuma ta dace. Amma mugun abu ta ce, ba ta ce akwati mai eriya ba. Tana kama talabijin in abin da ke ciki mugu ne, tana kama waya, tana kama mujalla, tana kama tagar maƙwabta. Dawudan da ya rubuta ta, daga kan soron gidansa ya hango Batsheba, babu wutar lantarki a ƙasar. Ayuba 31:1 ya yi alkawari da idanunsa. Yesu a Matiyu 5:28 ya kai zancen zina har cikin zuciyar mai kallo. Bulus a Filibiyawa 4:8 ya ba da ma'aunin abin da ya kamata tunani ya zauna a kai: gaskiya, abin girmamawa, adalci, tsabta, abin ƙauna, abin yabo. A 1 Korintiyawa 6:12 kuma ya ƙara da wani ma'auni da ya fi kama mai waya fiye da kowa: ko da abu halal ne, ba zan yarda ya mallake ni ba. Mutumin da ba zai iya gama addu'ar safe ba sai ya leƙa saƙo, ya san amsar wannan aya ko da wa'azi kaɗai yake kallo.

Waɗannan umarnin Ubangiji ne, ba sa tsufa. "Kada ka ajiye talabijin" kuwa shinge ne da iyaye suka kafa don kare gona. Shinge ba abin raini ba ne. Manomin da ya ƙi yinsa zai yi wa awakin gari noma. Amma shinge ba shi ne hatsi ba, kuma in dabbobi sun sauya hanya suna shigowa ta gabas, tsayawa gadin shingen yamma ba aminci ba ne. Ikilisiya tana da ikon kafa irin wannan ƙa'ida. A Ayyukan Manzanni 15 manzanni da dattawa a Urushalima sun rubuta wa masu bi na al'ummai abubuwan da za su guje musu, har da abin da ya shafi nama, don zumunta tsakaninsu da Yahudawa ta yiwu. A Irmiya 35 Allah ya yaba wa Rekabawa don sun riƙe umarnin kakansu Yonadab na ƙin shan ruwan inabi da ƙin gina gida, alhali ba a ɗora wa sauran Isra'ila wannan ba. Don haka in wata ikilisiya ta ce, "Mu dai mun ga ya fi mana lafiya mu zauna ba talabijin," ba ta yi laifi ba. Laifin yana farawa ne ranar da aka ce wanda ke da shi ba zai ga Mulkin Allah ba.

A nan ne nake ganin gyaran yake, kuma Bulus ya nuna yadda ake yi. A 1 Korintiyawa 7, yana maganar aure, ya raba zancensa gida biyu a fili: wannan umarnin Ubangiji ne, ba nawa ba, wannan kuwa ni ne nake faɗa, ba ni da umarni daga Ubangiji a kai, shawara nake bayarwa. Manzo ne fa, amma bai ji kunyar cewa "wannan nawa ne" ba. Da masu wa'azinmu sun yi haka tun farko, da yau ba mu shiga wannan ruɗani ba. Shawara in zamani ya wuce ta, sai a sauya ta ba tare da an girgiza bangaskiyar kowa ba. Amma abin da ka hau bagade ka ce "in ji Ubangiji", ranar da ka sauya shi, yaron da ke zaune yana jinka zai tambayi kansa: to sauran abubuwan da aka ce in ji Ubangiji fa? Na ga matasa da dama da suka bar sujada gaba ɗaya, ba don suna son talabijin ba, sai don daga kansa suka fara shakkar duk abin da aka koya musu. Markus 7 da Kolosiyawa 2:20-23 gargaɗi ne a kan wannan: koyar da umarnin mutane kamar na Allah, da dokokin "kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana" masu kamannin hikima amma ba su da ƙarfin danne sha'awar jiki.

Kada ka ɗauka cewa daidaito yana nufin a haramta duka ko a halatta duka. Mutanen Amish, wata ɗarikar Kirista a Amurka, sun ba ni sha'awa a wannan fanni, ko da yake ba zan ce a kwaikwaye su ba. Wajen 1910 dattawansu a Pensilbaniya suka hana sa tarho a cikin gida. Ba su ce tarho aljani ne ba. Sun lura yana kawo gulma, yana katse hirar iyali, yana rage ziyara. Sai daga baya aka yarda a kafa shi a wata 'yar rumfa a bakin hanya, gidaje da yawa su yi tarayya a kai. Mai bukatar likita ko ciniki ya taka ya je. Baƙo zai ga kamar wauta ce: ka yi amfani da abu amma ka ƙi shigar da shi ɗaki? Amma su sun san abin da suke karewa, kuma da wannan ma'auni ɗaya suke duba duk sabon abin da ya zo. Daidaito ke nan: dalili ɗaya, a faɗe shi a fili, a auna tsohuwar na'ura da sabuwa da shi, a auna fasto da memba da shi.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Ba daidai ba ne a ce kyamara tsarkakakkiya ce in tana fuskantar bagade, allo kuwa ƙazantacce ne in yana falon memba. In ikilisiya tana watsa sujada kai tsaye, ai tana roƙon mutane ne su kalla, da na'urar da ta ce kada su mallaka. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, a Galatiyawa 2, don yana ɗora wa wasu abin da shi kansa ba ya bi. Kuma masu wa'azi suna da tasu jarabar a intanet wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba: ƙirga mabiya, duba mutum nawa suka yaba, gyara wa'azi don ya yi daɗin yankawa a watsa. Girman kai bai fi sha'awar ido tsarki ba. 1 Yohanna 2:16 a jere ɗaya ta sa su.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta fi ci maka rai: iyayen da aka hora. Wanda ya girma a irin waɗannan ikilisiyoyi ya san yadda abin yake. An hango eriya a kan rufin wani, aka kira shi gaban dattawa, aka tsige shi daga aiki, aka mayar da shi bencin baya, aka hana shi jibin Ubangiji, 'ya'yansa suna kallo. Wasu gidajen kuwa aka koyi dabara: akwatin yana cikin kabad an lulluɓe shi da zane, in an ji sallamar fasto sai yaro ya ruga ya rufe ƙofar. Ka duba abin da aka koya wa wannan yaro. Ba tsarki ya koya ba, ɓoyewa ya koya, kuma shi ne yau yake da waya mai lambar sirri. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ikilisiyoyi da yawa suke barin doka ta mutu shiru. Ba a soke ta ba, ba a kuma aiki da ita. Tana cikin littafi, sai ranar da ake neman wani da laifi a zaro ta. Wannan zalunci ne. In shugabanni sun gane cewa sun ɗora wa mutane abin da Allah bai ɗora ba, su tsaya a bagaden da suka yi shelar dokar su faɗa: mun yi da kyakkyawar niyya, abin da muke tsoro gaskiya ne, amma mun wuce gona da iri da muka mai da shi ma'aunin ceto. Wanda aka kunyata a gaban jama'a, in yana raye, a je gidansa a nemi gafara. Ba zai rage musu daraja ba. Sarki Hezekiya ya farfashe macijin tagullar da Musa da kansa ya ƙera, domin mutane sun koma ƙona masa turare, kuma Littafi ya lissafa wannan cikin ayyukansa na kirki.

Kai kuma ga naka. In ka yi alkawari lokacin da aka naɗa ka ma'aikaci cewa za ka bi ƙa'idojin ikilisiya, to ka cika shi muddin kana kan aikin. Kada ka ce tunda dokar ba ta da daidaito, bari in karya ta a ɓoye. In ka yi haka ka zama abin da kake zargi. Kada kuma ka fake da cewa ai a waya ka kalla ba a talabijin ba, kai ma ka san wasa da hankali ne. Romawa 14 ta yi magana da ɓangarorin biyu: mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kada ya hukunta mai ci. Tsohon da ya ƙi talabijin shekara arba'in saboda Ubangiji, Ubangiji ya karɓa, kuma mai yiwuwa 'ya'yansa sun sami hira da addu'ar iyali da naka ba za su samu ba. Kada ka mai da shi abin dariya a zauren matasa, kada ka kai ƙarar ikilisiyarka Facebook kafin ka kai ta gaban dattawanta.

Ka nemi fasto ko dattijon da ka san yana da kunnen ji, ku zauna ku biyu. Kada ka fara da cewa a soke doka, don zai ji kamar duniya ce ta aiko ka. Ka tambaye shi: Baba, me iyayenmu suke karewa da suka kafa wannan? Zai ce maka tsabtar ido, lokacin addu'a, tarbiyyar yara, rabuwa da duniya. Sai ka ce: to yaya za mu kare waɗannan yanzu da abin ya koma aljihu? Daga nan zance zai iya kaiwa ga abubuwan da za su yi aiki: miji da mata su san lambar sirrin wayar juna, waya ta kwana a falo, ba a ɗakin yara ba, a ajiye ta lokacin cin abinci da addu'ar iyali, yaro kada a miƙa masa babbar waya don kawai ya yi shiru, kowane ma'aikaci, har da fasto, ya sami ɗan'uwa ɗaya da zai iya karɓar wayarsa ya duba ba tare da an yi fushi ba, zauren WhatsApp na ikilisiya ya sami mai kula da zai goge duk labarin da ba a tabbatar ba, ko da dattijo ne ya turo. A rubuta su a matsayin shawarar ikilisiya, da dalilin kowacce a gefenta, a kuma sa lokacin da za a sake duba su, domin na'urorin da za su zo nan da shekara goma ba waɗannan ba ne.

In ka yi wannan cikin ladabi aka ƙi saurarenka, aka nace cewa akwatin ne zunubi, kuma lamirinka bai yarda ka koyar da haka ba, to ka faɗa musu a fili ka ajiye aikin koyarwar, ka ci gaba da zuwa sujada. Ba lalle ne ka bar ikilisiyar a kan wannan ba, sai in an kai ga cewa cetonka ya rataya a kansa.